Shekarar da Na Rataya Ƙaho

Ku ukun nan kowa da irin labarin da yake bayarwa a kan abin da ya fitar da ni daga Kafanchan. Iliya yana gaya wa matarsa wai hedimasta na zaga a gaban 'yan makaranta. Tabita, wadda a lokacin tana goye ba ta san komai ba, cewa take kora ta aka yi. Rifkatu kuwa ba ta ba da labari, amma duk ranar da aka ɗauko zancen sai ta miƙe ta shige kicin, ni kuma na san abin da tashin nan yake nufi. Babanku da zai gyara muku zancen ya koma wurin Ubangiji, saboda haka bari in rubuta da hannuna tun idona yana ganin layi. Ban zagi kowa ba, ba a kuma kore ni ba. Takarda aka ajiye mini a kan tebur, aka ce in sa hannu in ci gaba da zama da ku a gida ɗaya, ko in ƙi a tura ni ƙauye. Ga yadda aka yi har aka kai ga takardar nan.

Turanci nake koyarwa a aji biyar na wata firamare a cikin gari. Muna zaune a kwatas ɗin malamai, ɗaki biyu da falo, ga famfo a tsakar gida, babanku yana taka ƙafa ya je aikinsa na reluwe ya dawo cin abincin rana. Ba mu taɓa samun zama mai daɗi irin wannan ba, kuma ban ɓoye muku ba, ina son gidan nan. Makarantar tana da doka guda da aka fi tsoro fiye da kowace: ba a magana da wani yare sai Turanci. Kowane aji yana da ƙahon akuya da aka huda aka zura masa igiya. Yaron da aka fara ji da Hausa, ko Jaba, ko Kagoro, ko Fulatanci, sai a rataya masa ƙahon a wuya. Shi kuma daga nan ya daina sauraron darasi, ya kafa kunne yana farautar wanda zai yi kuskure ya miƙa masa. Wanda aka tashi ƙahon yana wuyansa, shi ne zai kwanta a kan benci a gaban taron tashi ya sha bulala shida. Yara suka zama 'yan leƙen asirin juna. Na ga yaron da ya taka ƙafar abokinsa da gangan don ya ce wayyo da Hausa.

Ni ma da irin wannan ƙahon aka raine ni a Kwoi, don haka shekara da shekaru ban ga aibinsa ba. Na ɗauka haka ake koyon Turanci, kamar yadda ake shan magani mai ɗaci. Har ni da kaina nakan tambayi monita da safe, ina ƙahon yake.

Kalmomi biyu ne suka ɓata mini lissafi a zangon farko na shekarar nan: "lose" da "loose". A manhaja an ware musu darasi ɗaya, ni kuwa sai da na shafe mako uku a kansu. Na rubuta ma'anar kowace a allo da Turanci, yara suka kwafa da rubutu mai kyau, suka haddace, suna rera mini ita baki ɗaya kamar waƙar Lahadi. Na ce su saurari ƙarshen kalmar, ɗaya tana ƙarewa da ƙugi irin na ƙudan zuma, ɗaya da huci irin na maciji, suka yi ta ƙugi da huci har malamin aji huɗu ya leƙo. Amma da na ba su jimla goma su cike gurbi, sai na ga zaɓe kawai suke yi da ka. Yaro zai iya karanta mini ma'anar ba tuntuɓe, amma bai san abin da bakinsa ya faɗa ba, domin kalmomin da na yi bayanin da su ma baƙi ne a wurinsa. Abin da ke cikina kuwa jimla biyu ce kacal ta Hausa. Ɗaya kalmar aiki ce, ka rasa abu, ya ɓace maka, ko a cinye ka a wasa. Ɗayar kuma siffanta abu take yi, abin da ya kwance ko ya yi sako-sako, kamar haƙori mai girgiɗi ko wandon da ya yi wa yaro yawa. Da zan faɗi haka da Hausa, kafin a buga ƙararrawa an gama. Amma doka ta ɗaure mini baki, ni da su duka. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma kun san ni idan raina ya ɓaci ba na zama.

Ran Alhamis na ja akuyarmu, baƙar nan mai farin goshi, na shiga da ita aji. Na yi niyyar in nuna musu da hannu ba tare da na karya doka ba. Na ɗaure ta a ƙafar tebur, sannan na kwance igiyar na sake ta, ta fara yawo tsakanin benci tana shinshina littattafai, yara suna danne dariya. Na nuna ta na tambaya da Turanci, wace kalma ce ta dace da wannan akuya. Rabin aji suka ce "lose", rabi suka ce "loose", kowa yana kallon bakin maƙwabcinsa. Akwai wata yarinya Bafulatana mai suna Dije a bencin baya, daga rugar da ke bayan layin dogo take zuwa. Tun farkon shekara ban ji muryarta ba, domin ta gano cewa wanda bai yi magana ba ƙaho ba ya zuwa wuyansa. Ranar nan dai abin ya zo kan dabba, ta kasa riƙe kanta. Ta ce da ƙarfi:

"Malama, ai wannan kwancewa ta yi, ba ta ɓata ba. Ga ta nan muna gani."

Yaron da ƙahon yake wuyansa ya yi tsalle ya tsallake benci biyu ya rataya mata, yana murna ya tsira. Dije ta sunkuyar da kai. Yarinyar da ta fi kowa fahimtar darasina ita ce za ta sha bulala shida saboda ta fahimta. Na tsaya da alli a hannu ina kallonta, kunya ta rufe ni. Sai na ji bakina yana cewa da Hausa:

"Gaskiyarki, Dije. Kwancewa ta yi, shi ne 'loose'. Da mun fita mun neme ta mun rasa, shi ne 'lose'. Kawo ƙahon nan, ni na yi Hausa a bayanki."

Ta ƙi motsi, sai da na je na cire shi da kaina na rataya a wuyana. Tunda kuwa ya riga ya hau wuyana, sai na ga babu sauran abin tsoro. Na yi musu bayanin gaba ɗaya da Hausa, na sa 'yan Jaba su faɗa da Jaba, Dije ta faɗa da Fulatanci, sannan muka dawo Turanci kowa ya gina jimlarsa. Wani ya ce maɓallin rigarsa "loose" ne, idan bai ɗinke ba zai yi "lose" ɗinsa. Mako uku ina fama, ga shi an gama kafin akuya ta cinye bangon rajista.

Da aka buga ƙararrawar tashi na bi layin ajina zuwa fili da ƙaho a wuya. Hedimastanmu Mista Kure ne, mutumin wajenmu, dattijo a ikilisiyarmu, a bikina ma shi ya yi addu'ar buɗewa. Kada ku ɗauke shi mugu. Ya yi imani har zuciyarsa cewa bulala ce ta fitar da shi daga gonar citta ta sa masa taye. Ya kira masu ƙaho aji-aji suna fitowa, da ya zo aji biyar sai na fito na tsaya kusa da bencin. Ya dube ni, ya dubi bulalar da ke hannunsa, malamai suka sunkuyar da kai, wani yaro ya fashe da dariya. Ya sallami taron ba a bugi kowa ba ranar. Wannan ne zagin da Iliya yake faɗa. Ban ce masa uffan ba, amma na yarda tsayuwar nan ta fi zagi zafi, kuma na san haka tun kafin in fito.

Ya karɓe ƙahon, washegari kuma ya aiko da sabo aji biyar. Da na shiga na ce musu ina kwana, na miƙa hannu, monita ya ba ni na rataya. Haka na riƙa yi kowace safiya. Ya sake aiko da wani, na haɗa biyu a wuya. Akuyoyin Kafanchan dai ba su ƙare ba, ni ma wuyana bai gaji ba. Ba wai na daina koyar da Turanci ba ne, kada wani ya gaya muku haka. Kusan duk darasin da Turanci nake yi, sai inda na ga idanunsu sun yi fari ba su gane ba, in sa Hausa in buɗe musu, mu wuce. Muka bi sauran kalmomin masu kama da juna ɗaya bayan ɗaya. Yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba suka fara damuna da tambaya.

Na zaci iyaye za su tsaya mini, a nan ne na yi wauta. Da aka kira taron iyaye da malamai sai ga shi ni ce abin tattaunawa. Wani uba, mai gyaran babur a bakin kasuwa, ya miƙe ya ce:

"Madam, Hausa kam akwai shi a gida, akwai shi a kasuwa, kyauta ne. Ni na kawo yarinyana ya koyi Turanci ne, don kada ya zama kamar ni. In Hausa za ki koya masa, bari ya zauna a shago."

Aka tafa masa. Maganarsa ta shige ni, domin ba ƙiyayya ce ta sa ya faɗe ta ba, tsoro ne irin na uba. Na yi ƙoƙarin in ce masa 'yarsa ta fi jin Turanci yanzu fiye da da, amma hayaniya ta danne muryata. Babu wanda ya miƙe ya goyi bayana, har malaman da suke zuwa a ɓoye suna cewa in ci gaba.

Ran Litinin Mista Kure ya kira ni ofis. Sai da ya rufe ƙofa ya zauna, sannan ya yi mini magana da Hausa, a hankali kamar uba da 'yarsa.

"Maman Rifkatu, ki taimake ni ki taimaki kanki. Magana ya kai ofishin ilimi. Ga takarda, layi biyu ne. Ki yi sain cewa ba za ki sake yin wani yare a aji ba, kuma za ki mayar wa yara ƙahonsu. Shi ke nan, na yaga sauran takardun."

Na ce, "In ban yi ba fa, Baba?"

Ya ce, "Akwai wani makaranta a bayan Nok da ya shekara biyu ba malamin Turanci. Mota ba ya kaiwa, sai babur, da damina sai ƙafa. Sunanki yana kan transfa ɗin. Kwatas kuma na malaman nan ne, kin sani. Na ba ki zuwa Juma'a."

Layin farko da na iya haɗiye shi, in sa hannu in riƙa satar Hausa a ɓoye kamar yadda wasu suke yi. Layi na biyun ne ya tsaya mini a wuya. Ni da hannuna in cire ƙahon in rataya wa yaro, in tsaya a fili ina kallo ana zane shi, bayan na riga na san abin da na sani.

Babanku ya dawo cin abincin rana ya tarar da takardar a kan tebur. Mutum ne mai sanyi, kun san shi, bai taɓa ɗaga mini murya ba sai a makon nan. Ya karanta sau biyu ya ture kwanon tuwo.

"Ki sa hannu mana. Ƙahon akuya ne fa, ba gicciye ba. Ke ba da shi aka koya miki ba? Kin mutu?"

Na ce, "Ban mutu ba, amma mu nawa muka fara aji ɗaya a Kwoi, mu nawa muka gama? Sauran suna ina?"

Ya ce, "Ni ba zan iya barin reluwe in bi ki daji ba. Rifkatu ta shiga sakandare, can babu sakandare. Kin yi tunanin wa zai riƙe gidan nan? 'Ya'yan mutane kike tausayi, naki fa?"

Kwana huɗu muna cikin wannan. Matar fasto ta zo ta karanta mini wurin da aka ce a yi biyayya ga masu mulki, na ba ta ruwa ta sha, na raka ta bakin hanya. Na yi addu'a, ba na neman a nuna mini abin da ke daidai ba, don wannan na riga na sani, ina roƙo ne a sauƙaƙa mini shi, ba a kuwa sauƙaƙa ba. Ran Alhamis na ɗauki biro har na ɗora a kan layin. Sai na ga kaina gobe da safe ina shiga aji biyar, ina zaɓen wuyan da zan fara ratayawa. Na ajiye biron. Ran Juma'a na mayar wa Mista Kure takardarsa babu komai a kanta, na ɗora ƙahonin biyu a kai. Ya dube ni ya ce, "Taurin kai zai kashe ki." Na ce masa na gode, na fita.

Kada ku zaci wani abu ya canza a makarantar saboda ni. Mako bai zagayo ba aka mayar da ƙaho aji biyar, aka ci gaba da bulala har shekaru bayan haka. Dije ma ban san inda ta ƙare ba, an ce sun tashi da shanunsu. Abin da na samu shi ne ajin da na tarar a ƙauyen can, mai rufin ciyawa, inda babu wanda ya damu ya zo ya duba da wane yare nake bayani. Shekara shida na yi a can, ban rataya wa ɗan kowa komai a wuya ba, kuma sun iya Turanci. Da za a sake ajiye mini takardar nan yau, da tsufana, ba zan sa hannu ba. Ina so ku san wannan sarai, kada bayan raina wani ya ce muku na yi nadama.

Amma ba ni kaɗai na biya ba, kuma wannan ne ban taɓa faɗa da bakina ba. Muka fita daga kwatas, babanku ya kama ɗaki ɗaya da rumfa a wata unguwa inda ruwa sai an je rijiya. Aka yanke cewa in tafi da Iliya da Tabita, Rifkatu ta zauna da babanta saboda makaranta. Mu biyu muka yanke, ba wanda ya tambaye ta. Shekararta goma sha uku. Ita ce ta zama mai ɗebo ruwa, mai girki, mai wanki, mai jinyar babanta duk lokacin da ciwon ƙirjinsa ya tashi, sannan ta ɗauki littafi in akwai sauran ƙarfi. Yarinyar da take ta ɗaya a aji ta koma tsakiya, daga tsakiya ta koma baya. Aikin nas ɗin da take mafarki tun tana yi wa 'yar tsana allura da tsinke bai yiwu ba. Ina zuwa ƙarshen wata in hanya ta yi kyau, in tarar ta rame, in ce sannu da ƙoƙari, in koma. Na san abin da nake gani, na yi kamar ban gani ba, domin in na gani dole in dawo in nemi takardar nan. Rifkatu, ba rashin ƙoƙarinki ba ne ya hana ki, ni ce. Na zaɓa ina sane, ke kuma kika ɗauki kayan.

Ranar da za mu tafi, Asabar ce da safe, babanku yana bakin aiki, ke kika rako mu tasha da akwatin Iliya a ka. Aka ɗaure katifa da buhun tukwane a saman bas ɗin Kwoi. Na shiga na zauna bakin taga da Tabita a cinya. Na shirya maganganu da yawa da zan faɗa miki, na yi ta jira ki yi kuka in samu hanyar farawa, ba ki yi ba. Kin tsaya kina kallon tayar mota. Sai da direba ya tayar da inji, kwandasta yana buga ƙofa, kika matso bakin tagar kika ɗago kai.

"Mama, gwangwani nawa ake zuba garin tuwon Baba?"

Na ce, "Biyu da rabi. Ki bari ruwan ya tafasa sosai tukuna."

Kika ce to, kina maimaitawa a hankali don kada ki manta. Ƙofar tana kusa da ni, mutum ɗaya ne tsakanina da ita, kuma direban ya ɗan tsaya a bakin tasha yana jiran wata babbar mota ta wuce. Ina ganinki ta madubi kina tsaye inda na bar ki. Ban sauka ba.